Bin Sawun Sojan Ruwan Jamus da Teku Ta Cinye: Abin da Takardun U-66 Suka Nuna

Sojan ƙasa idan ya faɗi a fagen fama, yawanci akan sami wanda ya ga gawarsa, ya karya ɗan allon ƙarfen da ke wuyansa gida biyu, ya bar rabi a jikinsa, ya kai rabi ofis. Sojan ruwa ba ya samun wannan gatan. Jirgi idan ya nutse, da mutum, da allon wuyansa, da littafin jirgin, da wanda zai rubuta rahoto, duk tare suke tafiya. Saboda haka kusan duk takardar da za ka samu a ɓangaren Jamus game da mutuwar irin wannan soja, wanda ya rubuta ta a tudu yake zaune, bai ga abin da ya faru ba. Abin da ya sani shi ne ranar da aka daina jin jirgin. Wanda ya ga nutsewar da idonsa shi ne abokin gaba, shi kuma sau da yawa bai san jirgin da ya harba ba. Aikin mai bincike shi ne ya haɗa takardun biyu har su yi magana da juna.

Jiragen yaƙin ƙarƙashin teku na Jamus, waɗanda ake wa lamba da harafin U, sun ɗebi mutum kusan 40,000 a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma kusan kashi uku cikin huɗu ba su dawo ba. Na zaɓi U-66 na bi takardunsa ne saboda tafiyarsa ta ƙarshe a bakin tekunmu ya yi ta. Ya bar tashar Lorient ta Faransa ranar 16 ga Janairu 1944, ya gangaro Mashigin Gini. Ranar 5 ga Maris ya nutsar da jirgin kaya mai suna John Holt, na kamfanin nan da iyaye da kakanni suka sani da Janhol, kudu da bakin kogin Opobo. Ranar 21 ga watan ya nutsar da wani mai suna Matadian. Shi kansa an nutsar da shi ranar 6 ga Mayu, yamma da tsibiran Cape Verde. Mutum 24 suka mutu, aka tsamo 36. Hanyar da na bi don tantance waɗannan 24 ita ce za a bi don neman kowane sojan ruwan Jamus na wancan zamani.

Da mutum ake farawa, ba da jirgi ba. Abu uku ake buƙata: cikakken suna, ranar haihuwa, garin haihuwa. Ranar haihuwa ita ce uwa uba, domin katunan sojan Jamus da ita aka bambanta masu suna ɗaya, kuma masu suna Müller ko Schmidt ba su ƙirguwa. Kowane suna mai ɗigo biyu a kan wasali sai an neme shi ta hanya uku: Müller, Mueller, Muller. Magatakardan Amurka da na Ingila sukan zubar da ɗigon ko su ƙara harafin e, kuma rumbun intanet ba kowane ne yake gane cewa mutum ɗaya ne ba. Garin haihuwa kuma a neme shi da sunansa na lokacin. Matasa da yawa sun fito daga yankunan da yanzu ba a cikin Jamus suke ba: Stettin ita ce Szczecin a Poland, Breslau ita ce Wrocław, Danzig ita ce Gdańsk, Königsberg kuwa ta zama Kaliningrad a Rasha. Wanda ya buga sabon sunan ba zai ga komai ba.

Zangon farko, kuma kyauta ne, shi ne rumbun hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Jamus, Volksbund, wadda aka kafa a 1919. Akwai sunaye sama da miliyan biyar a ciki. Kana buga suna da ranar haihuwa zai ba ka muƙami, garin haihuwa, ranar mutuwa ko ɓacewa, da wurin. Ga wanda ba shi da kabari, sai ya nuna inda aka rubuta sunansa. Mutanen jiragen ƙarƙashin teku suna kan allunan tagulla a Möltenort kusa da Kiel, an jera su jirgi-jirgi bisa lamba, sunaye kusan 30,000 na yaƙi na biyu ban da na yaƙin farko. Na manyan jiragen da ke tafiya bisa ruwa kuwa ana tunawa da su a Laboe, can gaba kaɗan a bakin mashigin Kiel. Nan na fara haɗa jerin mutanen U-66. Amma ban ɗauki ranar da ke wannan rumbu a matsayin hujja ba, na ɗauke ta a matsayin abin da za a je a tabbatar.

Zango na biyu shi ne Berlin. A watan Agusta 1939 sojan Jamus suka buɗe ofishin da ke tattara sunayen waɗanda suka mutu, suka ji rauni, suka ɓace ko aka kama, wanda aka fi sani da WASt. Ofishin ya ci gaba da aiki bayan yaƙi, sai a ranar 1 ga Janairu 2019 aka haɗe shi da babbar ma'adanar tarihi ta ƙasa, Bundesarchiv. Babban jerin katunansa ya kai mutum miliyan 18, kuma fayilolin ma'aikatan rundunar ruwa suna wurin. A nan sojan ruwa ya fi na ƙasa sa'a: ma'adanar sojan ƙasa da ke Potsdam ta ƙone a harin jiragen sama na Afrilu 1945, takardun rundunar ruwa kuwa mafi yawansu sun tsira.

Ana cike fom biyu, ɗaya na neman izinin amfani da takardu, ɗaya na bayanin wanda ake nema. A rubuta dalilin binciken, dangantaka da mamacin idan akwai, da iyakar kuɗin da mutum ya yarda ya biya, domin aikin ba kyauta ba ne. Doka ta buɗe fayil ɗin mutum bayan shekara 10 da mutuwarsa, ko shekara 100 da haihuwarsa idan ba a san ranar mutuwar ba, don haka waɗanda suka mutu a teku ba su da shamaki. A tura wannan buƙata tun farko a ci gaba da sauran aiki, saboda layin yana da tsawo, amsa takan ɗauki watanni.

Abin da ke fitowa daga fayil ɗin ruwa shi ne jerin wuraren da aka tura mutum da ranakunsu: sansanin horo, makarantar sana'a, jirgi, asibiti, hutu. Abubuwa biyu nake fara dubawa. Na farko lambar rajistarsa, wadda takan fara da N idan a rundunar Tekun Arewa ya shiga, ko O idan ta Tekun Baltik ce, sannan lamba, sannan shekarar shiga, sannan harafin sana'a, S ga masu aikin bisa jirgi, T ga masu aikin inji. Da ita ake raba mutum biyu masu suna ɗaya. Na biyu lambar gidan waya ta soja. Sojan ruwa ba ya rubuta sunan jirginsa a bayan ambulan, harafin M yake sawa da lambobi biyar. Idan iyali suna da tsohuwar wasiƙa ko ɗaya, wannan lambar za ta faɗi jirgin, muddin an duba ta tare da ranar hatimin gidan waya, domin akan sake ba wa wata runduna lambar da aka daina amfani da ita. Muƙamai ma a taƙaice ake rubuta su, kuma suna ɗauke da labari. Wanda muƙaminsa ya fara da Masch a ɗakin inji yake, Fk mai rediyo ne, Mech mai kula da tofido ne, wato makamin da ake harbawa ta cikin ruwa, Mtr kuwa na bisa jirgi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin inda mutum yake tsaye a cikin jirgi shi ne yakan raba wanda ya fita da wanda ya tafi da shi.

Rubutun hannu zai ba kowa wahala da farko. Yawancin magatakardan sun tashi da tsohon salon rubutun Jamusawa, Kurrent da Sütterlin, kuma ko da aka soke shi a makarantu a 1941 hannunsu bai canja ba. A wannan salo e tana kama da n, h tana kama da f, u kuma ana ɗora mata ɗan baka a ka don a bambanta ta da n. Na buga jadawalin haruffan na ajiye kusa da kwamfuta, na riƙa fara karatu da kalmomin da na riga na sani, kamar sunan gari ko na wata, kafin in taɓa sunan mutum.

Labarin mutum yana Berlin, labarin jirgi kuwa yana Freiburg, a reshen soja na ma'adanar. Takardun sun sha yawo kafin su isa can. A Afrilu 1945 sojojin ƙawance suka same su a fadar Tambach kusa da Coburg, aka kwashe su zuwa Landan, aka yi musu lambobi masu farawa da PG, Amurkawa suka ɗauke su a fim ɗin takardu sama da naɗi 4,000, daga baya aka mayar wa Jamus na asali. Shi ya sa takarda ɗaya take da adireshi uku: lambar PG a tsofaffin littattafai, lambar naɗi a jerin T1022 na ma'adanar Amurka da ke College Park, da lambar RM a Freiburg. RM 98 na jiragen ƙarƙashin teku ne, RM 87 na hedikwatarsu ƙarƙashin babban kwamandansu Karl Dönitz, RM 92 na manyan jiragen yaƙi, RM 7 na babbar hukumar tsara yaƙin ruwa. Ana neman su ta manhajar ma'adanar mai suna invenio, kuma wasu an riga an ɗora hotunansu.

Kowane jirgi yana da littafin yaƙi, KTB a taƙaice, wanda kyaftin yake rubutawa awa-awa: wuri, yanayin teku, abin da aka gani, abin da aka harba. Idan an dawo tasha sai a buga shi da keken rubutu a raba kwafi. To a nan gizo ke saƙa. Littafin tafiya ta ƙarshe yana ƙarƙashin teku. Idan ka ga wani abu a fayil mai kama da shi, ma'aikatan hedikwata ne suka harhaɗa daga saƙonnin rediyo da suka shiga da waɗanda suka fita. Gajere ne, ba shi da bayanin sa'o'i, kuma yana tsayawa a saƙon ƙarshe, ba a nutsewa ba. Na ga mutane da yawa sun kwafi ranar layin ƙarshe na irin wannan littafi sun ce ita ce ranar mutuwa, alhali jirgi yakan yi kwanaki bai buɗe rediyo ba don kada a gano inda yake.

Littafin hedikwata ya fi taimako, kuma ya tsira har zuwa tsakiyar Janairu 1945. Kowace rana yana jera jiragen da ke teku da inda ake zaton suke. Kalmar zato ita ce muhimmiya, domin hedikwata takan ci gaba da matsar da jirgi a taswira bisa lissafin gudunsa bayan ya daɗe da nutsewa. Idan an kira shi sau da yawa bai amsa ba, sai a ayyana shi ya ɓace da tauraro ɗaya, wato ana kyautata zaton ya halaka. Bayan wani lokaci a mayar da shi tauraro biyu, wato an fid da rai, sannan rundunar da jirgin yake ciki ta rubuta wa iyaye da mata. Ranar da ke cikin wannan wasiƙa ita ce ta shiga katin Berlin, daga can ta shiga takardar shaidar mutuwa ta gari, daga can ta hau dutsen tunawa a coci. Ganin rana ɗaya a wuri huɗu ba shaidu huɗu ba ne, shaida ɗaya ce aka kwafa.

Wurare kuma ba da layukan taswira da aka saba suke rubuta su ba. Rundunar tana da tata taswirar da ta yanka teku zuwa manyan murabba'ai masu haruffa biyu, kowane gefe kusan mil 486 na teku. ET, alal misali, shi ne gaban Freetown. Lambobi biyu na farko suna rage murabba'in zuwa mil 54, ta uku zuwa 18, ta huɗu zuwa 6. Akwai na'urorin juyawa a intanet, amma a kula da abu biyu. Daga ƙarshen 1941 ana ɓad da haruffan a cikin saƙon rediyo da wasu na bogi, don haka abin da ke cikin saƙo ba lallai ne ya dace da taswira ba. Sannan jirgin da ya yi kwanaki bai ga rana ko tauraro ba, lissafinsa yakan kauce da mil goma ko ashirin.

Agogo ma haka. Jirgin Jamus ko a ina yake da agogon Berlin yake aiki. A lokacin sanyi daidai yake da namu na Najeriya da Nijar, awa ɗaya gaba da Greenwich, a lokacin bazara kuma awa biyu, kuma daga Afrilu 1940 zuwa farkon Nuwamba 1942 ba su sauka daga agogon bazara ba ko kaɗan. A inda U-66 ya nutse, wajen digiri 17 arewa da 32 yamma, agogon wurin yana awa biyu bayan Greenwich, don haka tazarar za ta iya kaiwa awa huɗu. Abin da ya faru da tsakar dare sai ya faɗa ranaku biyu dabam a takardun ɓangarorin. Na mayar da kowane lokaci zuwa Greenwich a shafi guda kafin in kwatanta komai. Haka kuma Ba'amurke idan ya rubuta 5/6/44, watan Mayu yake nufi, Bajamushe kuwa da 5.6.44 Yuni yake nufi.

A ɓangaren abokan gaba ne labarin U-66 ya fito fili. Jirgin ya yi kwana 112 a teku, mai da abinci sun yi ƙasa, kuma jirgin dakon man da zai shayar da shi, U-488, an nutsar da shi ranar 26 ga Afrilu. Saƙonnin da ya riƙa aikawa na neman agaji sun taimaka wajen gano shi. Jiragen sama daga jirgin dakonsu Block Island suka bi shi, jirgin rakiya Buckley ya cim masa cikin farin wata, ya harbe shi, ya hau kansa da ƙarfi. Wasu Jamusawa suka haura bisa Buckley, aka yi ta dambe hannu da hannu, har da jifa da kofunan kofi da kwanson harsashi. Rahoton kyaftin ɗin Buckley da tambayoyin da aka yi wa fursunonin 36 suna College Park a rukunin RG 38. Rahoton tambayoyi yakan ƙare da jerin ma'aikatan jirgi, an raba waɗanda suka tsira da waɗanda suka mutu. Jerin matattun daga bakin fursunoni aka samo shi, don haka sau da yawa sunan mahaifi ne kawai, an rubuta shi yadda kunne ya ji. Na ajiye shi gefe da gefe da jerin Möltenort, suna bayan suna, muƙami bayan muƙami. Inda harafi ya saɓa na bi na Jamus, inda maganar yadda aka mutu ce na bi na fursunoni. Idan Ingila ce ta nutsar da jirgi, a ma'adanar tarihinta da ke Kew a Landan ake nema: ADM 199 rahotannin faɗa, AIR 27 littattafan rundunonin sama, DEFE 3 saƙonnin Jamus da aka warware a Bletchley Park, cibiyar Ingila ta fasa saƙonnin sirri, WO 208 tambayoyin fursunoni.

Akwai mutum biyu da suka mutu a cikin U-66 waɗanda ba za a gan su a kowane jerin Jamus ba: kyaftin ɗin John Holt da wani fasinjansa, waɗanda aka kama ranar 5 ga Maris aka tafi da su. Su a takardun hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ake nemansu. Wanda yake ƙirga mutanen da ke cikin jirgin a daren ƙarshe dole ya sa su.

U-66 mai sauƙi ne tunda akwai masu rai. U-488 ya tafi da mutanensa 64 gaba ɗaya, babu fursuna, babu mai ba da labari. A irin wannan, hujjar ita ce dacewar abu uku: saƙon ƙarshe, wurin haɗuwar da hedikwata ta ba shi, da harin da jiragen Amurka suka kai a wannan wuri a wannan rana. Idan ɗaya ya kauce, a yi hattara. Bayan yaƙi kwamitin ƙawance ya yi gaggawar raba kowane jirgin da ya ɓace ga wani hari, kuma an yi kuskure da dama, waɗanda masana irin su Axel Niestlé suka yi shekaru suna gyarawa. U-869 shi ne misalin da ya fi girgiza ni. Hedikwata ta umarce shi ya juya zuwa Gibraltar, ta ci gaba da rubuta shi a can, aka ce an nutsar da shi gaban Maroko ranar 28 ga Fabrairu 1945. A 1991 masu ninƙaya suka tarar da wani jirgi kusan mil 60 daga gaɓar New Jersey ta Amurka, a 1997 suka tabbatar shi ne ta wani ɗan allo da ke jikin akwatin kayan gyara. Ga dukkan alamu umarnin bai isa gare shi ba. Iyalan mutum 56 sun yi shekara hamsin suna duban ɓangaren teku da ba shi ba. Don haka duk littafin da ya girmi shekarun 1990, sai an duba ko an sake hukunci a kan jirgin.

Jerin ma'aikata shi ma yana da ramuka. Mutum yakan sauka daf da tashi saboda ciwo ko kwas, a sa wani a madadinsa. Ɗaya daga masu rediyon U-869 rashin lafiya ce ta hana shi tafiya, ya rayu. Akasin haka ma yana faruwa: wanda fayil ya nuna yana rundunar jiragen ƙarƙashin teku ba lallai ne a cikin irin jirgin ya mutu ba. Ɗaruruwan ɗaliban rundunar horo ta biyu a cikin jirgin fasinja Wilhelm Gustloff suka halaka ranar 30 ga Janairu 1945. Idan kuma ka ga an rubuta ranar mutuwa 31 ga Disamba 1945, kada ka je neman jirgin da ya nutse ran nan. Rana ce da kotu take sawa bisa doka ga wanda ya ɓace a yaƙi aka ayyana mutuwarsa daga baya, don matarsa ta sami fansho ko a raba gado.

Wanda ya rasa sawu a waɗannan wurare yana da sauran ƙofofi. Sashen neman ɓatattu na Red Cross ta Jamus da ke Munich ya buga kundayen hotunan waɗanda suka ɓace a ƙarshen shekarun 1950, an jera su bisa runduna, kuma suna intanet. Ofishin Red Cross na Geneva yana da katunan fursunonin yaƙi, ya kamata a duba shi kafin a yanke cewa mutum ya mutu a teku. Ma'adanar da Horst Bredow ya kafa a Cuxhaven tana da hotuna da wasiƙun da iyalai suka bayar, an ware su jirgi-jirgi. Shafuka irin su uboat.net suna da kyau wajen fara hanya, amma duk abin da na ɗauka daga can sai na bi shi zuwa takardar da aka ciro shi.

A takardar kowane mutum nakan ware layi uku ga mutuwarsa: ranar da aka ji jirgin na ƙarshe, ranar da rundunarsa ta rubuta, da ranar da hujjar ɓangarorin biyu ta tsayar, kowace da lambar fayil da shafi a gabanta. Ga mutanen U-66 layi na uku cike yake, 6 ga Mayu 1944, da shaidun gani. Ga jirgin da har yau ba a san abin da ya same shi ba, nakan bar layin fari, in rubuta murabba'in saƙonsa na ƙarshe kawai. Idan kuma aka tarar da kuskure a harafin suna ko ranar haihuwa, Volksbund tana karɓar gyara, amma sai an haɗa mata da kwafin takardar haihuwa daga ofishin rajistar garinsu. Takardun haihuwa a Jamus suna buɗewa ga kowa bayan shekara 110, kafin nan sai dangi na jini ko mai hujjar doka.